Inda Saƙon Yaya Ya Tsaya

Akwai wani tsohon faifan kwamfuta a ƙasan akwatin kayana, a naɗe cikin ɗankwalin Iya. Sau uku muna tashi daga gida zuwa gida a Agege, kuma a kowane tashi sai matata ta ɗago shi ta ce, "Wannan ƙarfen fa, har yanzu?" Ni kuma in karɓe in mayar. Ban san ko yana aiki ba yanzu. Tun rasuwar Iya ban jona shi da wuta ba.

Mu biyu ne maza a wurin Iya, ni da Yaya, kuma a Agege aka haife mu, a gidan da kakanmu ya gina da cinikin goro. Yaya ne ɗan fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Iya ba. Kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda Legas duk da rashin kunyarta ba ta iya kankare mata ba. In za ta ba shi abinci sai ta ce da ni, "Auta, miƙa wa wancan." In ya yi laifi ni ake aika da faɗan, in ya yi abin kirki ni ake aika da shirun. Shi kuwa ɗan tsokana ne na ƙarshe. Tsohuwa yake ce mata, ya zauna a bakin ƙofarta yana zuba mata Yarabanci da gangan don ya san tana jin haushi, ita kuma ta juya masa ƙeya tana danne dariya.

Da ya samu aikin girki a wani jirgin ruwan dakon kaya da ke tashi daga Apapa, Iya ta ce atafau. Tsoron teku take, ko gada ba ta son hawa. Ta kira ni ta ce, "Gaya wa wancan, in ya hau ruwan nan ba da yawuna ba." Na gaya masa. Ya yi dariya ya ce tsohuwa za ta huce in ta ga turmin atamfa. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, don ni dama ba a taɓa ni sau biyu, na bi shi har bakin titi ina zazzaga masa. Na ce shi mai son kansa ne, na ce zai bar mini uwa da hawan jini ya tafi yawon duniya. Ya rataya jakarsa ya tare okada. Abin da ya ce kawai shi ne, "Injiniya, a rage zafi." Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

A lokacin ina aiki a Ijora, a wani kamfanin manyan motoci da fito da kaya daga tashar jiragen ruwa. Ni ne mai kwamfuta, wato duk abin da ke da igiyar wuta ni ake kira, har butar dafa shayi. Amma ainihin aikina shi ne wata na'ura da ke cikin ɗan ɗaki mara taga a bayan ofis, sabar imel ɗinmu. Duk wasiƙar da za ta shigo kamfanin ko ta fita, ta cikinta take bi. Ni ma adireshina a can yake, kuma shi na rubuta wa Yaya a takarda kafin mu ɓata, domin a jirginsu babu waya, sai kwamfuta guda a ɗakin kyaftin da ake barin ma'aikata su aika gajeren saƙo.

Dole in ɗan bayyana yadda na'urar take, in ba haka ba ba za a gane girman wautata ba. Wuri biyu take ajiya. Akwai ƙwaƙwalwa, wadda muke kira ram: sauri gare ta ba kama hannun yaro, amma da zarar wuta ta ɗauke ta manta komai. Akwai kuma faifai: nawa gare shi, amma abin da aka rubuta masa ya zauna. In ƙwaƙwalwa ta cika, na'urar takan kwashi abin da ba ta buƙata nan take ta jibge shi a wani lungu na faifan da ake kira suwaf, gutsure-gutsure, ba tsari, sabo yana hawa kan tsoho. In kuma akwai sarari a ƙwaƙwalwar, ba ta barinsa haka nan, takan cika shi da abubuwan da ta karanta kwanan nan daga faifai don kada ta sake komawa. Wannan ba ciwo ba ne, dabara ce. Amma ni a lokacin, da ɗan ilimina na shekara biyu, in na duba na ga ƙwaƙwalwa ta kusa cika sai in yi ta tsaki, ina ganin ɓarna ake yi mini.

Ita kuma wasiƙa tana da ƙa'ida guda. In wata saba ta kawo wa tamu wasiƙa, tamu ba ta da ikon cewa "na karɓa" sai ta rubuta ta a faifai tukuna. Domin da ta ce ta karɓa, waccan za ta yar da kwafinta ta kama gabanta. Amana ta koma hannunmu ke nan.

To, sabarmu tsohuwa ce, kuma ma'aikata suna ta aiko da hotunan takardun kaya masu nauyi. Wasiƙu su yi layi suna jiran a tace su, faifai yana ta ƙugi. Oga ya leƙo ya ce, "Injiniya, wannan abin naka tafiyar hawainiya yake yi fa." Na ce a ƙara mata ƙwaƙwalwa. Ya ce za a duba, kuma duk wanda ya yi aiki a Legas ya san ma'anar za a duba. Sai na yi wayo. Na yanki wani ɓangare na ƙwaƙwalwar na sa na'urar ta ɗauke shi kamar faifai ne, na mayar da layin jiran wasiƙu can. Nan take abu ya yi sauri. Na'urar tana cewa "na karɓa" alhali ba ta rubuta komai ba, riƙewa kawai take a ka. Na san haɗarin, wallahi na sani. Na ce ai muna da batirin riƙon wuta, muna da janareta, kuma wasiƙa minti nawa za ta yi a layi? Har kirari na yi wa kaina a wurin mai shayi.

Wata takwas da tafiyar Yaya, wata safiya ina ɗaura takalmi, Iya tana tsince wake a tire, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Auta, wannan abin naku yana kaiwa har cikin ruwa?"

Na ce yana kaiwa.

Ta jima tana juya waken. Sannan ta ce, "Rubuta wa mutumin nan na teku. Ka ce na janye maganata. Allah ya yi masa albarka, ya dawo da shi lafiya."

Na rubuta a ranar, kalma da kalma kamar yadda ta faɗa. Amma da yake hali zanen dutse ne, sai da na ƙara a ƙasa: ni dai saƙo aka ba ni. Ko gaisuwa ban yi masa ba.

Ranar Juma'ar makon ne abin ya faru. A kamfaninmu kusan kowa Musulmi ne, daga oga har direbobi har maigadi, kuma al'adarmu ce da an yi kiran farko a rufe get a ɗunguma masallaci gaba ɗaya. Wanda ke tayar da janareta ma a sahun gaba yake zama. Shekara da shekaru haka ake yi, ba wanda ya taɓa ganin aibun abin, har da ni da na ɗora wasiƙun mutane a kan ƙwaƙwalwar da ba ta jure ƙiftawar wuta. Ga shi ranar Juma'a ce layi ya fi tsawo, kowa na son ya tura takardunsa kafin ƙarshen mako. Muna cikin huɗuba aka ɗauke wuta a Ijora. Batirin ya riƙe iyakar ƙarfinsa, ya yi ta kuka a ɗakin da ba kowa, ya mutu.

Da na buɗe ƙofar ɗan ɗakin nan na tarar da na'urar a mace. Aka tayar da janareta, na'ura ta tashi lafiya lau, layin jira kuwa wayam kamar an share. Sai dai akwai rajistar da take rubutawa a faifai, inda take lissafa wanda ya aiko da lokacin da ta karɓa, ban da abin da ke cikin wasiƙar. Na bi layi-layi ina fitar da sunayen abokan cinikinmu don in roƙe su su sake turowa. Can wajen tsakiya na ga adireshin jirgin su Yaya. Saƙonsa ya shigo muna alwala. Na'urata ta ce masa ta karɓa.

Kafin la'asar na kira duk masu kwantena da masu takardun kwastan, na ba su haƙuri, suka sake aikowa. Na mayar da layin kan faifai a ɓoye, ba wanda ya san abin da na yi. Yaya kaɗai ne ban nema ba. Me zan ce masa? Injiniya ya zubar da wasiƙarka? Ai da na shiga uku da tsokana har tsufana. Na ce a raina, in yana da magana ya sake aikowa. Ban tsaya na yi tunanin cewa a wajensa saƙo ya riga ya isa ba.

Da yamma Iya ta tambaye ni, a kaikaice kamar yadda ta saba, "Ba labari daga ruwa?"

Na ce, "Bai amsa ba tukuna."

Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin har yau ina jin sa. Ta sake tambaya bayan kwana uku, na sake ba ta amsa iri ɗaya, daga nan ba ta ƙara ba.

Kwana goma sha biyu bayan Juma'ar nan wasu mutum biyu suka yi sallama a ƙofar gidanmu da hantsi, wakilin kamfanin jirgin da wani dattijo da ya rako shi don ya iya Hausa. Zazzaɓi ne ya kama Yaya a tsakiyar teku. Kafin su kai gaɓa rai ya yi halinsa. An yi masa sutura a wata tashar da ko sunanta Iya ba ta iya faɗa ba. Da na lissafa, kwana huɗu ne tsakanin saƙonsa da rasuwarsa.

Gida ya cika da 'yan gaisuwa, daga Mile 12, daga Obalende, har maƙwabtanmu Yarabawa. Iya tana zaune a kan tabarma da carbi, idonta a bushe, domin ba a kukan ɗan fari a gaban mutane. Mata suna ta yaba haƙurinta. Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, ta kira ni ɗakinta ta sa na tura ƙofa. Muryarta ta dushe kamar ba tata ba.

"Auta, abu ɗaya nake so in sani. Ya ga saƙon nan kuwa? Ko ya tafi yana ganin ina fushi da shi?"

Na ce zan bincika. Na fito na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka kawo labarin.

Washegari Lahadi ce. Na hau danfo, bas ɗin haya na Legas, zuwa Ijora, maigadi ya buɗe mini yana yi mini ta'aziyya. A hanya ne tunanin suwaf ya faɗo mini. Ranar Juma'ar nan ƙwaƙwalwa ta cika maƙil, tunda ni da kaina na yanke mata rabi. Ke nan dole na'urar ta kwashe wasu wasiƙun da ke layi ta jibge su a lungun nan na faifai, lungun da na daɗe ina zagi don shi ke sa ta nawa. Abin da ke faifai kuwa ɗauke wuta ba ya goge shi. Abin da ke goge shi sabon kaya ne da ake ɗorawa a kai, kuma yau kwana goma sha shida na'urar tana aiki tana ɗorawa. Da a ranar na duba!

Na hana ta taɓa suwaf ɗin, na kwafe shi gaba ɗaya, na fara nema. Ba ka taɓa ganin juji irin wannan ba. Rabin takardar kuɗin taya, guntun wasiƙar wani direba zuwa ga matarsa, lambobin kwantena, tarkacen haruffa marasa ma'ana. Na nemi sunan jirgin, na samu wurare da yawa, duk na aiki ne. Na nemi sunana. Sai can na tuna wanda nake nema, na rubuta kalma ɗaya: tsohuwa.

Wuri ɗaya ta fito.

Na'ura tana ajiye kayan suwaf ne a gutsure masu girma ɗaya, in gutsure ya cika ta yanke ko a tsakiyar magana ne, ta kai ragowar wani wuri. Wannan gutsuren kusan duk bayanan hanya ne suka cinye shi, tashoshin da wasiƙar ta bi daga teku zuwa Ijora. A cikinsu akwai layin da ke nuna amsa ce ga wasiƙata. Sannan a can ƙasa, da rubutunsa na ko-in-kula:

"Injiniya mai zafi, ko gaisuwa babu? Na ga saƙo. Na karanta sau uku, yaran nan suna ta tambayata me ya sa ni dariya ni kaɗai. Jikina ba daɗi kwana biyu amma da sauƙi. Ka gaya wa tsohuwa cewa ni"

Nan gutsuren ya ƙare. Wanda ke biye da shi lissafin buhunan siminti ne.

Mako guda na yi ina tonon jujin nan. Duk kalmar da na san bakinsa ya saba da ita na nema, ta Hausa, ta Yarabanci, ta Turancin titi. Babu. Ko dai ragowar ba ta taɓa sauka faifai ba ta tafi da wutar, ko kuma wata takardar kaya ta hau kanta a cikin kwanakin da na yi ina kare girman kaina. Ba zan taɓa sanin wanne ne ba, kuma wannan rashin sanin ya fi komai ci na. Na rubuta wa mutanen jirgin, suka amsa cikin ladabi cewa ba sa ajiye saƙonnin ma'aikata.

Na buga abin da na samu a takarda na kai wa Iya bayan azahar. Ba ta karatun boko, don haka ni zan karanta. A danfo na riga na shirya abin da zan yi. Na karanta mata daga farko, da ta ji "Injiniya mai zafi" sai ta rufe baki da gefen mayafi. Da na iso ƙarshe ban tsaya ba, na zarce da murya ɗaya: "cewa ni ma ina neman gafararta, na gode da addu'arta, Allah ya saka mata da alheri."

Ta dube ni, irin duban da take mini ina yaro in na dawo da canjin da bai cika ba.

"Wannan na ƙarshen ba bakinsa ba ne," in ji ta. "Yaushe wancan ya iya magana kamar limami? Karanta mini inda ya tsaya."

Na karanta mata inda ya tsaya. Daga nan ban iya riƙe komai ba, na faɗa mata duka: wayon da na yi, da Juma'ar, da rajistar da na gani tun ranar, da ƙaryar da na yi mata sau biyu. Na yi ƙoƙarin bayyana mata ƙwaƙwalwa da faifai, ta ɗaga hannu.

"An ce masa an karɓa?"

"Na'urar ce ta ce, Iya."

"Na'urar wa?"

Na jira faɗa, wallahi na so ta yi mini faɗa, ko ta aika wani ya yi mini kamar yadda ake aika ni. Ba ta yi ba. Ta karɓi takardar ta ninke ta huɗu ta sa a ƙarƙashin filo. Ta ce, "Ya gani dai. Har ya yi dariya. Alhamdu lillahi." Sai a lokacin hawayen suka zo mata, ta juya fuska bango ta ce in ja mata ƙofa.

Da aka tashi sauya na'urar na roƙi oga faifan, ya ba ni yana mamaki. Na bar Ijora tuntuni, na riƙe sabobi da suka fi waccan nesa ba kusa ba. Abokan aiki suna ce mini mai taurin kai, domin duk wanda ya zo mini da dabarar ƙara sauri ta hanyar cewa an karɓa kafin a rubuta, sai mun kwashi 'yan kallo da shi. Suna tsammanin ƙa'idar littafi nake karewa. Ranar Juma'a kuma, ko a ina nake aiki, ba na fita masallaci sai na leƙa layin wasiƙu na ga ba komai a ciki, kuma sau da yawa ina cikin sahu zan ji kamar batiri yana kuka a wani ɗaki.

Iya ta yi shekara shida bayansa. Ba ta taɓa goranta mini ba ko sau ɗaya. Sai dai lokaci-lokaci, in na kawo mata cefane, takan ce, "Ba a ga sauran ba?" kamar mai tambayar ko an ga ɗan kunnenta da ya faɗi. Ni kuma in koma in jona faifan in sake nema, alhali na san babu abin da zai ƙaru a cikinsa. Ita ce ma ta ba ni ɗankwalin, ta ce kada ƙura ta shiga.

A ciwonta na ƙarshe, wata safiya ina ba ta kunu a cokali, ta sa na ciro takardar daga ƙarƙashin filo. Ta yi laushi, wurin ninkin ya kusa rabewa. Na karanta mata har zuwa "cewa ni", na tsaya a inda ya tsaya. Na ce, "Iya, ki yafe mini. Zan sake dubawa."

Ta girgiza kai. Sai ta kira sunansa, sunansa na yanka, karo na farko da na taɓa ji a bakinta.

"Bar nema haka, Auta," ta ce. "In na je zai ƙarasa mini."